Jitar bas ta Kawu: a sabunta ta ko a bar ta da kayanta na asali?

Mahamadu (Bukoki, Yamai):
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata jitar bas da na gada daga kawuna, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi kiɗa da ita a wata orkesta ta nan Yamai tun kafin a haife ni. Bayan rasuwarsa ta shekara tara a jingine a ɗakin ajiya, babu akwati, sai wani tsohon zane da aka lulluɓe ta da shi. A kanta an rubuta Fender Precision Bass, a bayanta kuma, inda wuya ya haɗu da jiki, akwai farantin ƙarfe mai kusoshi huɗu, da babban harafin F da lamba mai alƙaluma shida. Tsirkiya uku ce ta rage, duk sun yi baƙi. Wuyan ya lanƙwashe har ƙaramin yatsana yana shiga tsakanin tsirkiya da firet (siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuya) na 12, bakunan firet sun fito ta gefe suna yankar hannu, jakin kuma, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a jikin jitar, ya yi tsatsa. Idan na haɗa ta da amfili tana magana, amma da gurnani mai yawa, kuma maɓallin ƙara yana ƙaraf-ƙaraf. Wani abokina ya ce in kai ta wurin mai fentin mota a goge ta a sake mata fenti, in sa sababbin kaya gaba ɗaya. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Sani (Talaje):
Wa alaikumus salam, Mahamadu. Allah ya jiƙan Kawu. Ni ra'ayina bai yi nisa da na abokinka ba, ban da maganar fentin. Mu da muke kiɗan biki kusan kowace Asabar mun san cewa jitar da za ta yanke maka sauti a tsakiyar taro ba ta da amfani, komai tsufanta da sunanta. Ka canza maɓallan biyu, da wayoyin ciki, da ramin da ake cusa waya, da jakin, ka sa sabuwar tsirkiya mai kaushi, cikin kwana biyu ka hau fage da ita. An ƙera ta ne don a kaɗa, kuma na tabbata shi ma Kawu da yana raye abin da zai yi ke nan.

Malam Isufu (Tawa):
Ɗana Mahamadu, kafin ka taɓa ko kusa ɗaya, ka saurare ni. Na kaɗa bas fiye da shekara talatin, kuma na ga irin wannan jita a hannun mutane ƙalilan ne a ƙasar nan, domin mafi yawan abin da muka yi aiki da shi kwaikwayo ne na Japan da Italiya, irin su Aria da Ibanez da Eko, wasu kuma na gabashin Turai kamar Musima da Jolana. Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951, a 1957 aka ba ta mikuron nan mai rabi biyu da ka gani a tsakiyar jikinta, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, a farkon 1965 kuma ya sayar da kamfaninsa ga kamfanin CBS. Farantin nan mai babban F da lamba a kansa na zamanin CBS ne, daga ƙarshen 1965 zuwa 1976, lokacin da aka mayar da lambar zuwa kan jitar kusa da suna. Sai dai faranti da tambari ana iya ɗauko su daga wata jita a maƙala, saboda haka shaidar gaskiya tana ciki, kuma ita ce kayan da Sani yake cewa ka cire.

Zan ba ka labarin abin da ya same ni. A shekarun da aka fara gasar Dan Gourmou a nan Tawa, wadda aka kafa a 1987, mikuron tawa jitar ya fara rage murya gab da lokacin gasar, sai na bar ta wurin wani mai gyara na kwana uku. Da na karɓo tana magana da ƙarfi, na yi murna na biya shi. Sai bayan shekara biyu, da na buɗe garkuwar, wato murfin da ke rufe wayoyi a fuskar jitar, don in share ƙura, na tarar ya cire mikuron asali ya sa wani na arha, kuma na tabbata waya ɗaya ce kawai ta saki a nawa. Har yau ban daina jin zafin wannan ba. Duk abin da za a yi wa jitarka, a yi shi a gabanka, kuma duk abin da aka cire, ko kusa ce mai tsatsa, ka sa shi a leda ka rubuta inda ya fito.

Abdu Razaƙ (mai gyaran rediyo, Wadata):
Na goyi bayan Baba Isufu. Mahamadu, ka kwance kusoshin garkuwar a hankali, ka ɗaga ta ba tare da ka ja wayoyi ba, ka haska bayan maɓallan biyu da tocila. Idan na asali ne za ka ga lamba mai alƙaluma bakwai. Uku na farko sunan kamfani ne, 137 na CTS, 304 na Stackpole, biyu na gaba shekara ce, biyu na ƙarshe kuma makon da aka ƙera shi a cikin shekarar. Ka kuma duba ko an rubuta 250K. Ka turo mana hoto.

Mahamadu (Bukoki, Yamai):
Na buɗe, Yaya Abdu. Na farkon, wato na ƙara, an rubuta 1377324 da 250K. Na biyun babu irin wannan lambar, ƙarami ne kuma ya fi haske, an liƙa masa dalma mai yawa kamar tuwo. Akwai wata baƙar waya da ta fito daga wani rami a cikin katakon, ba a haɗa ta da komai ba. Soson da ke ƙarƙashin mikuron ya zama gari, da na taɓa shi sai ya zube a hannuna.

Abdu Razaƙ (mai gyaran rediyo, Wadata):
To, alhamdu lillahi. Maɓallin ƙara na CTS ne, an yi shi a mako na 24 na shekarar 1973, wannan kuma ya dace da farantin, saboda haka da alama an ƙera jitar a ƙarshen 1973 ko a 1974. Na biyun wani ne ya canza shi a baya, shi kam babu laifi a cire shi a sa mai kyau na 250K, tare da kondansato na 0.047 ko 0.05, wanda shi ne ma'aunin da ya dace da ita. Na farkon kada ka cire shi don yana ƙaraf-ƙaraf, domin ƙurar hunturu ce ta shekara tara ta shige shi. A fesa masa ruwan wanke kayan lantarki ta ƙaramar ƙofar da ke gefensa, a murɗa shi sau talatin ko arba'in, galibi sai ka ji ya yi shiru.

Baƙar wayar nan da ka gani ita ce tushen gurnanin. Tana bi ta ramin ne zuwa ƙarƙashin jaki, aikinta kuma ta haɗa tsirkiyoyi da bayan maɓalli, ta yadda da zarar hannunka ya taɓa tsirkiya gurnanin zai lafa. A mayar da ita wurinta. Amma ina gargaɗinka, da kai da duk masu kiɗa a zauren nan: wutarmu 220 ce, gidaje da filayen biki da yawa kuma ba su da wayar ƙasa, saboda haka idan amfili yana da matsala, wutar za ta bi ta tsirkiya ta shiga jikinka a lokacin da leɓenka ya taɓa makirufo. Maganin wannan yana ga gyaran amfili da samar masa wayar ƙasa, cire wayar jitar ba ya magance komai. Mikuron kuma zan auna shi da mita, idan ya nuna tsakanin 10 da 11 na kilo-om to lafiyarsa ƙalau, sabon soso kawai yake so.

Sani (Talaje):
Na yarda da maganar mikuro da maɓalli, tunda Yaya Abdu ya ce za su tashi. Amma har yanzu ban ga wanda ya taɓa ainihin matsalar ba, wato wuyan. Idan ƙaramin yatsa yana shiga a firet na 12, wannan wuyan ya zama baka, kuma na ga mutum biyu da suka ɓata wata da watanni a kan irinsa, daga ƙarshe suka sayi sabo. Ba zai fi sauƙi ba a aika Kano ko Kwatano a samo sabon wuya a ɗaura?

Malam Isufu (Tawa):
Sani, ka yi gaskiya da ka ce wuyan ne babbar magana, amma ka yi gaggawar yanke masa hukunci. Tsirkiyoyin bas huɗu suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana, kuma wannan jitar ta shekara tara a haka, tana shan zafin watan Afrilu da Mayu da ya wuce digiri 40, ta sha laimar damina, sannan hunturu ya zo ya busar da ita ƙayau. Wane katako ne ba zai sunkuya ba? Abin da ya kamata a sani shi ne ko sandar ƙarfen da ke cikin wuyan tana da rai.

Mahamadu, a irin taka notin sandar yana gindin wuya ne, wajen jiki, mai tsaga kamar alamar tarawa, saboda haka sai an sassauta tsirkiyoyi an kwance kusoshin nan huɗu an ciro wuyan. Kuskuren da yake kashe waɗannan jitoci shi ne mutum ya sa turnabis ya yi ta ɗaure notin da ƙarfi yana so ya miƙar da wuyan da shi, har sandar ta karye a ciki, daga nan kuwa gyaran ya fi ƙarfin kowa a cikinmu. Yadda ake yi shi ne a fara kwance notin, ba ɗaurewa ba, a ciro shi gaba ɗaya, a goge haƙoransa a ɗiga musu ɗan mai. Sannan a ɗora wuyan a kan miƙaƙƙen katako mai kauri, a sa ƙananan itatuwa biyu masu laushi, ɗaya wajen firet na farko ɗaya wajen na ƙarshe, a matse tsakiyar da abin matsi na kafintoci sannu a hankali har wuyan ya miƙe, ya ma ɗan wuce kaɗan. A bar shi haka kwana uku ko huɗu a cikin inuwa. Yana cikin matsin ne za a mayar da notin a ɗaure shi har ya kama, domin aikin sandar ta riƙe wuyan a inda aka kai shi. Idan notin ya kai ƙarshen haƙoransa bai kama ba, katakon da ke ƙarƙashinsa ne ya lotsa, sai a sa zoben ƙarfe ɗaya ko biyu kafin a mayar da shi. Bayan an ɗaura tsirkiya, duk gyaran da za a ƙara kada ya wuce rubu'in juyi a rana.

Ma'aunin da ake nema shi ne, idan wani ya danne maka tsirkiya mai kauri a firet na farko kai kuma ka danne ta a na ƙarshe, ratar da ke tsakaninta da firet na 8 ta zama kusan milimita 0.35, kaurin katin ziyara ke nan. Sabon wuya kuwa, ko da an samu, zai mayar da ita wata jita dabam, domin hannun Kawu a kan wannan ya yi shekaru yana tafiya.

Haruna (kafinta, Katako):
Baba Isufu, abin matsin da katakon duk ina da su a rumfata, Mahamadu ya zo da wuyan kawai. Ina so in ƙara magana a kan bakunan firet da suke yanka. Ƙarfen bai ƙara tsawo ba, katakon ne ya tsuke saboda bushewa, kamar yadda ƙofa take sakin rata da hunturu ta kuma cije da damina. Lokacin da ya fi dacewa a goge su shi ne yanzu da iska take a bushe, domin idan aka goge da damina, hunturu na zuwa za su sake fitowa. Da ƙaramin magagari mai laushi ake yi, bayan an rufe katakon da salatif na takarda. Idan fuskar wuyan baƙin katako ce marar fenti, a shafa mata ɗigo kaɗan na farin man nan marar ƙamshi da ake samu a kantin magani, a goge bayan minti biyar. Kada a sa man gyaɗa ko man kaɗe, domin suna yin ɗoyi su kuma kama ƙura. Fentin jikin kuwa, ina roƙonka ka bar shi. Na wancan zamanin mai kauri ne da tauri, mai fentin mota sai ya ci katakon da inji kafin ya cire shi, gefunan jitar su lalace har abada. Tsumma mai ɗan laima ya isa.

Zainabu (mai haɗa sauti, Yantala):
Ina gaida iyayena. Ni ta wajen abin da nake ji a na'ura zan yi magana, kuma a nan ne na saɓa da Yaya Sani a kan tsirkiya. Irin biyu ce: mai santsi, wadda aka naɗe ta da ƙarfe mai faɗi, da mai kaushi, wadda aka naɗe da zagayayyar waya. Da mai santsi Precision ta fara fitowa, mai kaushi kuma sai a 1966 ta bazu, lokacin da kamfanin Rotosound na Ingila ya fito da Swing Bass tare da John Entwistle, makaɗin bas na ƙungiyar The Who. James Jamerson, wanda ya kaɗa bas a yawancin fayafayan kamfanin Motown a Amurka, Precision ya riƙe da tsirkiyar La Bella mai santsi, kuma an san shi da rashin canza ta. A wurin biki, inda ake da kalangu da ganguna da jita biyu ko uku masu kaifin murya suna saƙa a sama, bas mai kaushi sabuwa tana shiga hurumin jitocin ne, dole in rage mata kaifin da hannuna, alhali mai santsi tana zama a ƙasa tare da babbar ganga ba tare da na taɓa komai ba. Ga kuma lissafin aljihu: mai kaushi gumi da ƙura suna shiga tsakanin naɗinta, cikin wata biyu ta mutu, mai santsi kuwa tana shekaru.

Sani (Talaje):
Zainabu, ban musa abin da kike ji a na'ura ba, amma matasan da suke gayyatarmu suna son su ji bas tana tsalle, ana marin ta da babban yatsa, wannan kuwa mai santsi ba ta bayar da shi. Maganar mutuwa kuma, muna tafasa su a ruwa ko mu jiƙa su a alkol su farfaɗo. Sannan mai santsi tana da tauri, tana jan wuya fiye da mai kaushi, shin wannan bai saɓa da duk wahalar da Baba Isufu ya ce a sha a kan wuyan ba?

Malam Isufu (Tawa):
Wannan tambaya ce mai kyau, kuma a nan Sani yana da rabin gaskiya. Irin La Bella mai kauri da Jamerson ya yi amfani da ita, mai lambar kauri 52 zuwa 110, ba zan yarda a ɗora wa wannan wuyan ba, aƙalla a shekarar farko. Amma ba duk mai santsi ce take da tauri ba. Thomastik-Infeld ta birnin Biyana tana da mai lamba 43 zuwa 100 wadda jan ta bai kai na yawancin masu kaushi ba, sai dai tsada da wuyar samu, sai an roƙi wani mai zuwa daga Faransa. Dalilina na biyu na fifita mai santsi shi ne firet. Na wannan jitar sun haura shekara hamsin, tabbas sun ci, mai kaushi ta baƙin ƙarfe marar tsatsa kuma tana cin firet kamar magagari, ga shi ba mu da wanda zai sake dasa firet da kyau a kusa. Idan mai kaushi kaɗai aka samu a Yamai, a ɗauki ta nikel mai lamba 40 zuwa 100. Tafasawa kuma mun yi ta tun kafin a haife ka, Sani, sau ɗaya ko biyu tana taimakawa, daga nan zuciyar tsirkiyar ta fara tsatsa ta tsinke a wajen jaki.

Mahamadu, ka tabbata an rubuta dogon zango a jikin kwalin, domin tsawon taka inci 34 ne, wato milimita 864, ta gajeren zango irin ta Höfner ba za ta kai ba. Kafin ka yanke bakin tsirkiya ka lanƙwasa shi tukuna, ka bar abin da zai zagaya kunne, wato abin murɗa tsirkiya a kan jitar, sau biyu ko uku, ka cusa bakin cikin ramin tsakiyar kunnen, naɗin kuma ya riƙa sauka ƙasa.

Abdu Razaƙ (mai gyaran rediyo, Wadata):
Abu ɗaya game da jakin da Sani ya ce a canza. Ƙananan kusoshinsa ma'aunin inci ne na Amurka, na kasuwarmu kuma na milimita ne, idan ka tilasta ɗaya a ramin ɗaya ka kashe haƙoran. A jiƙa jakin a kananzir kwana biyu, a goge da tsohon buroshin haƙori, kowace kusa ta koma raminta. Kuma kada a yi aiki da soson ƙarfe kusa da mikuro sai an rufe shi, domin maganaɗisun yana janye garin ƙarfen zuwa cikin siririyar wayarsa.

Mahamadu (Bukoki, Yamai):
Iyayena da yayyena, na dawo bayan kwana goma sha biyu. Wuyan ya kwana huɗu a matse a rumfar Yaya Haruna, notin ya fito lafiya, sai da muka sa zobe ɗaya kafin ya kama, yanzu kuma katin ziyara yana shiga a firet na 8 da ƙyar. Yaya Abdu ya auna mikuron a gabana ya nuna 10.6, ya mayar da baƙar wayar, ya canza maɓalli na biyu kaɗai, na 1973 kuwa ya yi shiru bayan wanki. Kusa ɗaya ta jakin ta ƙi fitowa, mun bar ta cikin kananzir. Da muka ciro wuyan mun tarar da wata 'yar takardar kwalin sigari a ninke a cikin ramin, wadda Kawu ko wani ya sa don ya ɗaga gindin wuyan, na mayar da ita yadda na same ta. Tsirkiya mai kaushi ta nikel na samu a nan, ita na ɗaura, mai santsin kuma na ba wani ɗan'uwanmu saƙo. Jiya da dare na kaɗa ta a tsakar gida, innata ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa har na gama, ba ta ce komai ba. Abin da ya rage shi ne tsirkiya ta biyu tana zuzu a firet na 3 da na 4, inda suka fi lotsawa.

Malam Isufu (Tawa):
Madalla, ɗana. Kada ka sa magagari a kan waɗannan firet ɗin tukuna, kuma kada ka taɓa notin. Ka ɗaga tsirkiyar ta biyu a jaki da rabin juyi, ka bar wuyan ya zauna da sabon nauyinsa har mako biyu, domin zai ƙara motsi kaɗan. Ka samo mata akwati ko da na katako ne, ka nisanta ta da bango mai shan rana. Ina da zuwa Yamai a farkon wata mai kamawa don ganin likitan ido, zan zo da ƙaramin ma'aunina mu duba firet ɗin ɗaya bayan ɗaya a rumfar Haruna. Sani, kai ma ka zo da amfilinka, ina so Abdu ya duba masa wayar ƙasa.